Baje kolin Legas: daga hanyar Badagiri zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa

'Yan'uwa, duk wanda ya saba bin hanyar Badagiri zuwa Alaba Rago ya san tashar da ake kira Trade Fair. Yaranmu da yawa sun ɗauka sunan kasuwa ne kawai. Asalinsa fili ne da gwamnatin tarayya ta gina domin baje kolin ƙasa da ƙasa na Legas, wanda aka fara a 1977, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, shekarar da aka yi bikin FESTAC.

Lokacin kuɗin mai ne, naira na da daraja, Najeriya kuma mai saye ce. Kamfanonin waje suka zo da injuna da motoci suna neman wakilai. A ganina su suka fi cin moriyar shekarun farko, domin wanda ya samu dila ɗaya mai ƙarfi ya gama mayar da kuɗin rumfarsa. Ba a jima ba Kaduna ta fara nata a 1979.

A 1986 aka miƙa ragamar shiryawa ga Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Legas, wadda aka kafa tun 1888. A shekarar ce kuma gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, shigo da injuna ya yi tsada. Sannu a hankali rumfunan masu sayar da kaya ɗai-ɗai suka yawaita: tukwane, sabulu, kayan lantarki, ana ragi ana kiɗa. A nan mutane suka fara auna baje koli da cinikin kwana goma, alhali an kafa shi ne domin a ƙulla hulɗar da za ta kawo oda bayan an watse. Mai kilishi ko takalman fata da ya kama rumfa, ya sayar, ya tafi bai karɓi lambar dila ko ɗaya ba, kasuwa ya ci mai tsadar haya.

Shi kuwa tsohon filin, 'yan kasuwar Balogun da masu kayan gyaran mota daga Idumota suka koma cikinsa, ya zama kasuwar kullum. Baje kolin da aka gina shi dominsa yanzu a Dandalin Tafawa Ɓalewa ake yin sa, a watan Nuwamba.