Daga Gasar 1933 Zuwa Aljihun Marubuci

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga ƙagaggen labarin Hausa na boko da labarun aljannu ya buɗe ido. Gasar Rupert East ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, hukuma kuwa ta buga su. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, musamman bayan shirin SAP na 1986, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Sai sabon marubuci ya koma buga littafinsa na farko da guminsa, ya kai kasuwar Kano. Mun sami 'yanci, amma mun rasa mai tace rubutu. Cike wannan giɓi ya rataya a wuyanmu, ɗalibai da malaman Hausa.