Auratayya Tsakanin Isra'ilawa da Ammonawa

Ammonawa maƙwabtan Isra'ilawa ne da suka zauna gabas da Kogin Urdun. Babban birninsu, Rabba, shi ne Amman ta yau. Littafin Farawa ya danganta asalinsu ga Lutu, ɗan ɗan'uwan Ibrahim, wato dangi ne na nesa, harsunansu kuma suna da kusanci ƙwarai. Duk da haka, Littafin Maimaitawar Shari'a ya haramta wa Ba'ammone shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma.

Fada ba ta tsaya kan wannan iyaka ba. Littafin Sarakuna ya ambaci Na'ama, Ba'ammoniya, matar Sarki Sulemanu, wadda ta haifi Rehobowam. Daga tsatsonta sarakunan Yahuza suka fito. Abin da marubutan suka ji wa tsoro shi ne ibada: amarya takan zo da abin bautar gidansu, na Ammonawa kuwa shi ne Milkom. Masujadarsa ta daɗe a gabashin Urushalima kafin Sarki Yosiya ya ƙazantar da ita wajen shekara ta 622 kafin Miladiyya.

Bayan dawowa daga bautar Babila lamarin ya tsananta, domin al'ummar ta ƙanƙance, tana gudun narkewa cikin maƙwabta. Nehemiya ya tsawata wa masu auren Ammonawa, ya kuma watsar da kayan Tobiya Ba'ammone daga ɗakin da aka ba shi a harabar Haikali.

Daga baya malaman Mishna suka yanke cewa haramcin ya shafi maza ne kawai. Da wannan fassara auren Na'ama ya halatta, nasabar gidan Dawuda kuma ta tsira daga zargi.