Kayan Matafiyi: Daga Wagar Fatake Zuwa Kariyar Keke

A hutun da ya wuce, ɗan yayata da ke karatu a Sakkwato ya ƙudura cewa shi da abokansa biyu za su hau keke su je Argungu, su kwana a hanya, kamar yadda ya ga Turawa na yi a YouTube. Ya ɗaure wa keken tanti, da katifar soso, da tukunya biyu, da ƙaramin risho, da takalma ƙafa uku, da jarkar ruwa. Kawunmu, wani tsohon mutumin Gummi da ya yi shekaru yana koli a bisa keke, ya zagaya keken sau ɗaya, ya ɗan ɗaga bayansa ya ji nauyi, sannan ya ce: "Kai ɗana, tahiya za ka yi ko ƙaura?"

Dariya muka yi, amma tambayar tsohuwa ce a wannan yanki. Tun kafin a san keke, mutanen kwarin gulbin Zamfara sun san me ake ɗauka, me kuma ake bari a gida, domin ƙasarsu hanya ce. A ƙarni na 19 ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja kan bi ta yamma, ya ratsa Zamfara ya faɗa kasuwar Jega, ya haye Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu har Salaga, wadda yau take cikin Ghana. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Gummi ba wurin wucewa kawai ba ce a wannan harka. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi bincike a kan fataucin goro, ya nuna cewa Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan rukunoni uku na fataken goro tare da Agalawa da Tokarawa, a Gummi suka fara kafuwa kafin da yawansu su koma Kano. Anka kuwa ita ce ta zama mazaunin Sarkin Zamfara bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 kuma sarautar ta yi ta yawo kafin ta sami wurin zama.

Ayarin ba ƙarami ba ne. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya gamu da wani a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin dako ma kamar haka. Madugu ke shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da kuɗin da za a biya sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Sai dai in mai karatu ya lura, duk wannan tulin kaya ba na jin daɗin matafiyi ba ne, haja ce. Ana tafiya da kanwa da tufafi da jan fata da gabu, a dawo da goro. Duk abin da falke ya ɗora wa jaki don kansa, ya rage wa ribarsa wuri ke nan. Saboda haka nasa kayan kaɗan ne: buzu, da buta, da bargo ko mayafi, da sanda ko takobi, da burgamin guzuri. In malami ne, a ƙara gafaka. Kusan kowanne yana aiki biyu ko uku. A kan buzu ake salla, a kansa ake zama, a kansa ake kwana. Rawani na tare rana da ƙura da rana, da dare a lulluɓe fuska da shi saboda sauro da sanyi. Guzurin ma busasshe ne wanda ba ya lalacewa: ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, garin gero da za a dama da ruwa.

Tanti fa? Babu. In aka sauka zango sai a saro itace da ciyawa a kafa bukkoki, gari ya waye a bar su a wuce, wani ayarin ya zo ya gyara ya shiga. Matan ƙauyukan da ke kusa su kawo fura da tuwo da nono su sayar. A manyan garuruwa akwai fatoma, mai saukar da baƙi, ya ba ka ɗaki, ya adana maka haja, ya haɗa ka da dillali. A nan nake ganin sirrin yake, kuma shi ne abin da ɗan yayata bai gani a bidiyo ba: falke bai rage kayansa don ya fi mu juriya ba, ya rage ne don hanyar da kanta tana ɗauke masa rabin buƙatarsa.

Abin dariya, mafi nauyin kaya a wancan zamani shi ne kuɗi. Wuri ake kashewa, kuma keso guda, wato wuri 20,000, shi ne kimanin kayan mutum ɗaya. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin dalar azurfa guda. Ka yi lissafi: ƙato ya wuni yana gumi a ƙarƙashin dala takwas. In tafiyar ta yi tsawo, abincin ɗan dakon ma sai ya cinye wani kaso na abin da ya ɗauko. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, amma falke mai wayo ba ya tafiya mai nisa da wuri, yakan mayar da dukiyarsa haja marar nauyi mai tsada, ya riƙa sayar da kaɗan-kaɗan a hanya yana ciyar da kansa da dabbobinsa. Goron da zai dawo da shi kuwa ɗan lele ne. A naɗe shi da ganye, a sa cikin waga, a riƙa kwancewa ana tsince wanda ya soma lalacewa ana yayyafa ruwa. Wanda ya yi haɗama ya cika wa jaki kaya, jakin ya yi miki a baya, sai ya rasa duka biyun.

Zuwan Turawa ya kawo wata irin tafiya dabam. In jami'in mulki zai fita rangadi, sai a tara 'yan alaro, kowa da kaya na kimanin kilo 27 a ka: gadon zango, da tebur, da kujera, da bahon wanka, da akwatunan abincin gwangwani. Mutum ɗaya ne ke tafiya, mutane da dama ke ɗauke da gidansa, kuma sau da yawa ta hannun hakimai da dagatai ake tilasta wa talakawa wannan dako. Tsofaffi ba su tuna shi da alheri. A daidai wannan lokaci tsohuwar hanyar Gwanja ta soma mutuwa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watse kasuwar, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, hanyar da Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Dogo ya iso Kano a 1911, ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Garuruwan da ke yamma da layin, irin su Anka da Bukkuyum da Gummi, sai suka koma gefe.

A wannan giɓi keke ya shiga. Raleigh na Nottingham ta Ingila shi ne sarki, daga baya Phoenix na Sin ya zo da rahusa. Malamin makaranta, da malamin gona, da ɗan koli, da mai maganin gargajiya, duk shi ne dokinsu. Kawu ya ce shi kasuwannin mako yake bi, yau nan gobe can, wani lokaci ya yi kwana huɗu bai ga gida ba. Keken da kansa ƙarfe ne mai nauyi, ba shi da giya, kuma rairayin bakin gulbi ba ya yafe wa kowa: in ka cika kaya sai tayar baya ta nutse, ka sauka ka tura. Don haka ya koma ga ƙa'idar fatake ba tare da wani ya koya masa ba. Kariya ta akwatin koli ce. Nasa kayan su ne famfo, da faci da sholisho, da sifana biyu, da buta a rataye, da bargo a naɗe a kan keke. Tsohuwar robar taya ita ce igiya. Kwana kuwa a zauren mai gari ko a masallaci, abinci kuma duk gidan da ya ga baƙo zai aiko da ƙwarya. Ya ce in taya ta yi faci a kusa da rugar Fulani, to kaya ya tsinke a gindin kaba, don sai ya sha nono ya ƙoshi kafin ya gama gyara.

Su ma can ƙetare da haka suka fara. Thomas Stevens, mutum na farko da ya zagaya duniya a kan keke, ya bar San Francisco a 1884 da safa, da riga ɗaya ta canji, da rigar ruwa wadda ita ce tantinsa ita ce shimfiɗarsa, sai ƙaramar bindiga. Jakunkuna huɗu da ake ratayawa gaba da baya daga baya suka zo, yanzu kuma masu wannan sha'awa sun dawo suna auna kayansu a sikeli suna ragewa. Nan kusa da mu, a 2023, wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya tuƙa keke kimanin kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, yana neman isa Jami'ar Azhar a Masar. Abin da ya fi wahalar da shi ba nauyin jaka ba ne. An tsare shi har sau uku a hanya.

Wannan ne ya dawo da ni gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kekuna suka sake fitowa daga rumbu, amma ba wanda zai ba ɗansa shawarar ya maimaita zagayen Kawu a yau. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum da Gummi, an sace mutane a kan hanyoyin da ayari ya bi, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta kuma katse layukan waya a jihar. Zauren da Kawu ke kwana, wani babu kowa a cikinsa. Masu rage kaya na gaske a wannan yanki yanzu su ne matan da suka shigo garin Anka gudun hijira, suka zauna a filin sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba: goyo a baya, tabarma da tukunya ɗaya a ka, sauran duk an bari.

Kawu ya sa yaron ya kwance komai ya baje a tsakar gida. Ya ware katifa, da risho, da tukunya ɗaya, da takalma biyu, ya tura su gefe da ƙafa. Ya ƙara masa faci da robar ɗauri. Da ya zo kan tanti sai ya tsaya, ya juya shi a hannu, ya tambayi sunayen garuruwan da za su ratsa da kuma ko sun san wani a can. Yaron ya ce ba su san kowa ba. Kawu ya mayar da tantin cikin kayan tafiya, ya ce su tabbata sun shiga gari kafin la'asar sakaliya, su fara gaida mai gari kafin su kafa shi.