Yadda Aka Kafa Hukumar Rubuta Dokokin Ƙasa da Ƙasa

Tun kafin a rubuta su, dokokin da ke tsakanin ƙasashe suna nan, sai dai yawancinsu al'ada ce: ba a taɓa jakada, teku ta kowa ce, yarjejeniya kuma kaya ce. Matsalar al'ada ita ce mai ƙarfi ne ke fassara ta yadda ya ga dama.

Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe ta gwada rubuta su. Ta naɗa kwamitin masana a 1924, aka kira taro a birnin Hague a 1930 kan batutuwa uku: zama ɗan ƙasa, iyakar ruwan teku, da alhakin ƙasa idan ta cuci baƙi. A kan na farko kaɗai aka samu matsaya.

Bayan yaƙin duniya na biyu, sashe na 13 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗora wa Babban Zaure wannan nauyi. Ranar 21 ga Nuwamba 1947 zauren ya kafa Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa, ta fara zama a 1949 da mambobi 15. Kowannensu masanin shari'a ne da ke magana da bakin kansa, ba da yawun gwamnatinsa ba. Aikin na haƙuri ne. A naɗa mutum guda ya bibiyi batu, ya kawo rahoto, a tsara daftari, a aika wa gwamnatoci su tsefe shi, a dawo a sake gyarawa a Janiba. Daga wannan niƙa aka samu yarjejeniyoyin teku huɗu na 1958 da ta hulɗar jakadanci ta 1961.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne shigowar ƙasashen da suka samu 'yanci. Da ma an gina dokokin nan ne ba da su a wurin ba, har ma wasu an yi su ne don a mallake su. Kujeru suka ƙaru zuwa 25 a 1961, sannan 34 a 1981. Taslim Elias na Najeriya, mamba tun 1961, shi ya jagoranci babban kwamitin taron Viyana da ya haifi dokar yarjejeniyoyi ta 1969. A cikinta aka rubuta cewa yarjejeniyar da aka tilasta wa ƙasa da ƙarfin soja ba ta da inganci. Duk wanda ya san yadda Turawa suka karɓi sa hannun sarakunan Afirka ya san nauyin wannan sashe.

Batun alhakin ƙasa kuwa, wanda ya gagara a 1930, sai a 2001 hukumar ta kammala shi. Har yau ƙasashe ba su mai da shi yarjejeniya ba, amma Kotun Duniya tana kafa hujja da shi a hukunce-hukuncenta.