Fayyace Matsalar Mai Amfani: Mataki Na Biyu a Tsarin Ƙirƙira Don Ɗan Adam

Fayyace matsala mataki ne a cikin tsarin ƙirƙira da ke ɗora ɗan Adam a gaba, inda masu ƙera kaya ko tsara wata hidima suke tattara abin da suka gani suka kuma ji daga bakin jama'a, su tace shi har ya zama bayani guda da ke nuna wane ne ke cikin matsalar, me yake buƙata, kuma me ya sa. A tsarin da cibiyar koyar da ƙirƙira ta Jami'ar Stanford da ke Amurka ta yaɗa, matakan biyar ne: fahimtar halin da mutane ke ciki, fayyace matsala, kawo dabaru, ƙera samfurin gwaji, sannan gwadawa. Na biyun ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda duk wanda aka ba aiki yakan ɗauka cewa ya riga ya san matsalar.

Tunanin ya daɗe. Masani Herbert Simon ya tattauna ƙirƙira a matsayin hanyar warware matsala a littafinsa na 1969, sannan Don Norman ya nuna a littafinsa na 1988 cewa idan mutane na yawan kuskure wajen amfani da ƙofa ko murhu, sau da yawa laifin na wanda ya ƙera ne. Kamfanin IDEO, wanda aka kafa a 1991, shi ya shigar da tsarin cikin harkokin kasuwanci.

Misalin da aka fi koyarwa da shi ya faru ne a 2007. An ba wasu ɗaliban Stanford, ciki har da Jane Chen da Linus Liang da Rahul Panicker, aikin ƙera kwalbar renon jarirai bakwaini mai araha, a lokacin da irin wadda asibitoci ke amfani da ita ke kai dala 20,000. Buƙatar a bayyane take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a shekarar 2020 kaɗai, kuma irin waɗannan jarirai ba su da kitsen da zai riƙe musu ɗumin jiki, don haka sanyi na iya halaka su.

Da a ce ɗaliban sun bi umarnin yadda aka rubuta shi, da sun zauna suna rage tsadar gilashi da waya. Sai Liang ya tafi Kathmandu, babban birnin Nepal. A can ya tarar da kwalaben da aka bayar gudunmawa a asibiti babu jarirai a cikinsu. Dalili kuwa shi ne jariran da suka fi buƙatarsu a ƙauyuka ake haifarsu, nesa da birni, kuma da yawa ba sa isowa asibitin da rai. Wannan ya sauya aikin baki ɗaya. Wanda ake yi wa ƙirar ya tashi daga likitan birni ya koma uwar da ke ƙauye, inda babu tsayayyiyar wutar lantarki kuma babu motar da za ta kai ta asibiti cikin gaggawa. Buƙatarta ita ce jaririnta ya kasance cikin ɗumi.

Abin da suka ƙera, wanda suka sa wa suna Embrace, bai yi kama da kwalba ba. Jaka ce ta kwanciyar jariri, mai aljihu a baya da ake zura wata leda mai ɗauke da wani nau'in kaki. Idan aka narkar da kakin, yakan riƙa sakin zafi a hankali, ya tsaya a ma'aunin 37 na tsawon sa'o'i huɗu ko fiye. An fara sayar da ita a Indiya a 2011. Abin lura a nan shi ne, nau'in farko da ya shiga kasuwa na ƙananan asibitoci ne kuma da lantarki ake ɗumama kakinsa. Wanda ake ɗumamawa da ruwan zafi a gida daga baya ya zo. Gano ainihin matsala bai kawar da wahalar isa ga mai ita ba.

Ko a lokacin gwaji sai da suka sake komawa kan fahimtarsu. Iyaye mata a Indiya sun shaida musu cewa suna ganin magungunan Turawa sun cika ƙarfi, shi ya sa sukan rage adadin da likita ya rubuta, kuma haka za su yi da zafin jakar idan aka ce a kai shi 37. Masu ƙirar suka cire lambobin, suka sa alamar da ke nuna ko zafin ya yi daidai ko bai yi ba.

A aikace, ana rubuta matsalar ne cikin jimla mai sassa uku: mutumin, buƙatarsa, da abin da aka gano game da shi wanda ba a sani ba a da. Masu koyar da fannin suna jaddada cewa a rubuta buƙatar a matsayin aiki. "Uwa na buƙatar kwalba" ya riga ya yanke hukunci kan maganin, amma "uwa na buƙatar ɗumama jaririnta" ya bar ƙofa a buɗe. Ana kuma kiyaye faɗin jimlar. Idan aka ce za a rage mace-macen jarirai a duniya, ba a san inda za a fara ba. Idan aka ce a rage kuɗin gilashin kwalba, an ƙuntata tunani tun kafin a fara. Daga nan sai a juya jimlar ta zama tambaya mai farawa da "ta yaya za mu iya", wadda za a shiga mataki na uku da ita. Wasu kan haɗa da dabarar kamfanin Toyota ta maimaita tambayar "me ya sa" har sau biyar, don a wuce alamomin matsala a kai ga tushenta.

Akwai kuma misalin abin da tsallake matakin ke jawowa. PlayPump famfo ne da aka haɗa da lilon yara mai juyawa, da nufin yara na wasa ruwa na hawa tanki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alƙawarin zuba masa miliyoyin daloli don kafa shi a ƙasashen Afirka. Sai dai yara ba sa wasa a daidai lokacin da gidaje ke buƙatar ruwa, musamman da sassafe. Wani rahoton tashar PBS ta Amurka a 2010 ya nuna yadda a Mozambik mata ne ke tura lilon da hannu, wasu famfunan sun lalace an daɗe ba a gyara ba, alhali a wasu wuraren an cire famfon tuƙa-tuƙa da mutane suka saba da shi ne aka kafa sabon ba tare da an nemi ra'ayinsu ba.

Masu suka na cewa ziyarar 'yan makonni ba ta isa baƙo ya fahimci rayuwar al'umma ba, kuma akwai matsalolin da tushensu talauci ne ko manufofin gwamnati, waɗanda babu kayan da za a ƙera su warware su. Wannan suka na da ƙarfi. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi a yanzu suke zama da mutanen da abin ya shafa a rubuta jimlar matsalar tare, a kuma sake duba ta bayan kowane gwaji.