Girman Jiki Ba Shi Ne Girman Haɗari Ba: Nazarin Tsoron Manyan Gizo-gizo a Gidajen Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda mazauna ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ke ɗaukar manyan gizo-gizon da suke cin karo da su a ɗaka da rumbu da makewayi. Hanyar da aka bi ita ce auna abin da jama'a ke faɗa da abin da masana halittu da likitoci suka tabbatar a rubuce. Maƙalar ta nuna cewa tsoron ya fi karkata ga nau'o'in da ba su da illa, kuma cutarwar da ake samu ta fi fitowa daga matakin da tsoron ke sa a ɗauka, wato ɗora wa gizo-gizo ciwon da ba nasa ba da kuma fesa guba a ɗakin kwana.

1.0 Gabatarwa

Gizo-gizo ba baƙo ba ne a tunanin Bahaushe. Yaro na tashi da labarin Gizo mijin Ƙoƙi a tatsuniya. Idan ya shiga makarantar allo ya tarar sura ta 29 ta Alƙur'ani mai girma na ɗauke da sunansa, sannan ya ji labarin da ya shahara a littattafan sira na saƙar da ya yi a bakin kogon Sauru lokacin hijira. Duk da wannan sanayya, da zarar an ga ƙato a bango sai ihu da neman takalmi. Kundin gizo-gizon duniya da gidan tarihin halittu na birnin Bern ke kula da shi ya haura nau'i 50,000 a shekarar 2022, kuma 'yan ƙalilan ne daga ciki dafinsu ke iya kwantar da mutum. Tambayar ita ce: me ake tsoro, kuma me tsoron ke jawowa?

2.0 Muhallin Bincike

Tambuwal na kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, Kebbe kuma na kudu da ita, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Yanki ne na noman gero da dawa a tudu, shinkafa da albasa a fadama. A garuruwa irin su Dogon Daji da Sanyinna da Kuchi gidan ƙasa mai azara ko jinka, da rumbu da turken dabbobi da tarin kara, duk suna cikin danga guda. Wannan tsari na tara kyankyaso da gara da ƙuda da fara, inda kuwa waɗannan suka taru mai cinsu na nan kusa. Shi ya sa ganin gizo-gizo ke yawaita daga saukar damina zuwa kaka, musamman inda aka kunna fitila a waje.

3.0 Manyan da Ake Tsoro da Ƙaramin da Ba a Kula da Shi

Ƙaton da ya fi firgita mutane a ɗaka yawanci daga dangin Sparassidae yake. Sananne a cikinsu, Heteropoda venatoria, ya bazu a ƙasashe masu zafi, faɗinsa da ƙafafu kan kai santimita 10. Ba ya saƙa don kamu. Farauta yake yi da dare, abincinsa kuwa har da kyankyaso. Macen kan rungumi jakar ƙwanta fara a ƙarƙashin ciki, abin da ke ƙara mata kwarjini a idon mai kallo. Cizonsa, idan aka matse shi, zafi ne na ɗan lokaci. Akwai kuma dangin Selenopidae, masu lafewa a bango su shige tsagar da ba ta wuce kaurin farce ba, da Trichonephila senegalensis mai shimfiɗa babbar yana ruwan zinari tsakanin bishiyoyi.

Wata halittar da ake haɗawa da su ba ma gizo-gizo ba ce. Ita ce ta rukunin Solifugae: launin ƙasa-ƙasa, gashi buzu-buzu, manyan muƙamuƙai, ga gudun tsiya. Ba ta da dafi ko kaɗan. Da rana inuwa take nema, don haka idan mutum ya ja da baya sai ta bi inuwarsa, shi kuwa ya rantse korarsa take yi.

Wanda ya cancanci a kiyaye shi ƙarami ne. Latrodectus geometricus bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana da tabo ruwan lemo a ƙarƙashin ciki, jakar ƙwansa na da tsinanni. Yakan ɓuya ƙarƙashin kujera da bakin tsohuwar tukunya da cikin tayar da aka yasar. Dafinsa na taɓa jijiyoyi, yakan kawo zafi mai tsanani da ɗaurewar tsoka, ko da yake cizonsa bai kai na 'yan'uwansa baƙaƙe tsanani ba.

4.0 Tushen Tsoron

Masana sun rabu. Hoehl da abokan aikinta (2017) sun gano cewa ƙwayar idon jarirai 'yan wata shida na ƙara buɗewa idan aka nuna musu hoton gizo-gizo ko maciji, fiye da na fure ko kifi. Davey (1994) kuwa ya jingina tsoron ga ƙyama da abin da al'umma ke gadar wa 'ya'yanta. A ganin wannan maƙala ra'ayoyin ba su ci karo ba: ido na saurin lura, amma ihun uwa ko yaya ne ke koya wa yaro cewa abin da ya gani bala'i ne. Vasey da abokan aikinsa (2012) sun nuna cewa gwargwadon tsoron mutum gwargwadon yadda yake kambama girman gizo-gizon da ya gani, abin da ya kamata mai tattara bayanan baka ya riƙe. Labaran da ake yaɗawa ta wayar hannu sun ƙara wa lamarin gishiri. Mammola da tawagarsa (2022) sun tantance rahotannin jarida 5,348 kan gizo-gizo daga ƙasashe 81, suka samu kuskure a kashi 47 cikin ɗari.

5.0 Batun "Fitsarin Gizo-gizo"

Nan ne tsoron ya fi yin ɓarna. Mutum ya wayi gari da ƙuraje masu ruwa a wuya ko fuska, sai dattijuwar gida ta duba ta ce, "Ɗan nan, tautau ne ya yi maka fitsari." Gizo-gizo ba ya fitar da ruwa mai ƙona fata, kashinsa ɗan ɗigo ne fari-fari marar illa. Masu laifin na ainihi uku ne. Na farko ƙwaron Paederus, siriri mai baƙi da ja wanda bai wuce santimita guda ba, mai hayayyafa a wuri mai danshi irin fadamar shinkafa, mai bin hasken fitila. Ba ya cizo. Idan aka murƙushe shi a jiki ne yake sakin sinadarin federin, bayan kwana ɗaya ko biyu fata ta tashi a miƙe kamar an zana bulala. Na biyu ƙwarin dangin Meloidae, irin masu cin furen gero, waɗanda ruwan jikinsu ke sa fata ta yi bororo. Maganin farko a waɗannan biyun shi ne a hure ƙwaron maimakon a mare shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take.

Na uku ya fi damun mai wannan nazari. Ƙwayar cutar ƙarambau kan kwanta a jijiya shekaru, ta farka ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki, galibi ga tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Maganinta ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 72, idan kuma ta fito kusa da ido tana iya taɓa gani. Wanda aka ce masa fitsarin gizo-gizo ne zai zauna gida yana shafe-shafe har lokacin ya wuce. Wannan ruɗani ba a nan kaɗai yake ba: Suchard (2011) ya duba mutum 182 da suka je wani asibiti a Kalifoniya da ƙorafin cizon gizo-gizo, aka tabbatar da cizon a kashi 3.8 kawai, kusan kashi 86 kuwa ciwon fata ne na ƙwayoyin cuta.

6.0 Fiya-fiya a Ɗakin Kwana

Mataki na biyu da tsoro ke sa a ɗauka shi ne fesa fiya-fiya, wadda galibi sinadarin daikulobos ce, maganin ƙwarin gona mai illa ga numfashi da jijiyoyi, musamman na yara. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin waɗannan magunguna na gona don amfanin gida. Wanda ya rufe ɗaki da wannan guba saboda gizo-gizo ya kashe mai rage masa kyankyaso, ya kuma sa iyalinsa shaƙar abin da ya fi cizon muni. Shara, toshe tsagar bango, nisanta tarin kara da ɗakin kwana, kwana cikin gidan sauro da kakkaɓe takalmi kafin sawa sun wadatar, kuma suna kare mutum daga kunama da kububuwa, waɗanda haɗarinsu ba abin jayayya ba ne.

Ana kira ga sashen nazarin halittu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya tattara gizo-gizon gidajen Tambuwal da Kebbe a damina da rani, ya fitar da hotunansu da bayani cikin Hausa. Ma'aikatan asibitocin karkara kuma, idan an kawo musu "fitsarin gizo-gizo", su fara duba ko ƙurajen a gefe guda suke.