Ziyarar Fagagen Yaƙin Basasar Nijeriya ta Hanyar Mota

Gabatarwa

Da wuya a sami ƙaramar hukuma a Arewa wadda ba ta da tsohon soja da ya halarci Yaƙin Basasa, ko gidan da ya yi zaman makokin ɗan da ya tafi bai dawo ba. Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu duk sun manyanta, kuma kullum raguwa suke yi. Wannan shafi ya tattaro bayanin muhimman fagagen yaƙin da hanyoyin mota da ke kaiwa gare su, domin amfanin iyalan tsofaffin sojoji, malaman makaranta da jami'an ƙananan hukumomi masu shirya ziyarar ƙaro ilimi.

Taƙaitaccen Tarihi

Bayan juyin mulki biyu na 1966 da kashe-kashen da aka yi wa 'yan Jihar Gabas mazauna Arewa a shekarar, sulhun da aka ƙulla a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967 ya wargaje. Ran 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasa zuwa jihohi 12. Bayan kwana uku Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara. An gwabza yaƙi na wata 30, daga 6 ga Yuli, 1967, zuwa 15 ga Janairu, 1970. Ƙiyasin masana ya kama daga mutum 500,000 zuwa miliyan 2 da suka rasu, akasarinsu yara da mata waɗanda yunwa ta kashe.

Hanya ta Ɗaya: Makurɗi zuwa Gakem da Obudu

Matafiyi daga Arewa zai bi ta Keffi, Akwanga da Lafiya ya ƙetare Kogin Binuwai a Makurɗi, sannan ya nufi Gboko ya gangara kan iyakar Binuwai da Kuros Riba. A nan garin Gakem yake, cikin Ƙaramar Hukumar Bekwarra, inda aka yi harbin farko na yaƙin ran 6 ga Yuli, 1967, lokacin da dakarun Runduna ta Ɗaya suka tsallaka iyaka suka nufi Ogoja. Hanyar tana ratsa gonakin doya da lambunan lemo na ƙasar Tibi. Wanda ke da sarari yana iya ratsewa zuwa tsaunin Obudu mai tsayin sama da mita 1,500, inda titi ke hawa da kwana-kwana masu tsanani, sanyi da hazo kuma suka zama ruwan dare.

Hanya ta Biyu: Otukpo zuwa Nsukka da Inugu

Daga Makurɗi akwai titin da ya bi ta Otukpo da Obollo Afor zuwa mararrabar Opi. Ta wannan shiyya ɗaya ɓangaren Runduna ta Ɗaya, wadda Kanar Muhammadu Shuwa ya jagoranta, ya kama Nsukka a watan Yulin 1967. A wannan yanki aka kashe Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, aka kai gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar sojoji. A nan kuma marubucin waƙoƙin nan Christopher Okigbo ya rasa ransa a ɓangaren Biyafara. Daga Opi sai Ninth Mile, daga nan tsohuwar hanya ta gangara ta tudun Milliken, mai kwazazzabai da itatuwa masu duhu, har cikin Inugu. Birnin shi ne hedkwatar Biyafara ta farko, sojojin Tarayya a ƙarƙashin Laftanar Kanar T. Y. Ɗanjuma suka kama shi ran 4 ga Oktoba, 1967.

Hanya ta Uku: Inugu zuwa Anacha da Asaba

A kan tsohuwar hanyar Inugu zuwa Anacha, gaba da Awka, garin Abagana yake. Ran 31 ga Maris, 1968, dakarun Biyafara suka yi wa dogon ayarin motocin Runduna ta Biyu kwanton ɓauna a nan. Wuta ta kama tankar mai ta bi sauran motocin da ke ɗauke da harsasai, aka yi hasarar sojoji da kayan yaƙi masu yawan gaske.

A Anacha matafiyi zai ga tsohuwar gadar Kogin Kwara da aka kammala a 1965, wadda 'yan Biyafara suka karya wani sashenta domin tare hanya. Wannan ya sa Kanar Murtala Muhammed ya yi yunƙurin tsallakar da sojojinsa ta jiragen ruwa a Oktoban 1967, yunƙurin da ya ci rayuka da dama bai yi nasara ba. Sai a Maris ɗin 1968 aka kama Anacha ta ƙasa. An buɗe gada ta biyu a 2023. A tsallaken kogin kuwa Asaba ce, inda sojojin Tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula maza ran 7 ga Oktoba, 1967. Mutanen garin suna tunawa da wannan rana kowace shekara, ya kamata baƙo ya san da haka kafin ya shiga.

Hanya ta Huɗu: Uli, Owerri da Umuahia

Titin Anacha zuwa Owerri ya bi ta Uli, inda aka mai da wani miƙaƙƙen sashen kwalta filin jirgin sama. Cikin dare jiragen agaji daga tsibirin Sao Tome ke sauka da abinci da magani, ana kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe saboda tsoron hari. Kusa da Nnewi akwai Amichi, inda Kanar Olusegun Obasanjo ya gana da Philip Effiong bayan jawabin ajiye makamai na 12 ga Janairu, 1970. Owerri kuwa sau uku tana sauya hannu: an kama ta a Satumban 1968, Biyafara ta ƙwace a Afrilun 1969 bayan doguwar ƙawanya, aka sake kama ta a Janairun 1970.

Umuahia, hedkwatar Biyafara ta biyu har zuwa Afrilun 1969, ita ce ta fi ko'ina abin gani. A nan Gidan Adana Kayan Yaƙi na Ƙasa yake, wanda aka ƙaddamar a 1985 a wurin da gidan rediyon Biyafara ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. Akwai jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, jiragen sama, motoci masu sulke da aka ƙera a gida, da nakiyar da ake kira ogbunigwe. A cikin gari kuma akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da Ojukwu ya yi amfani da su.

Shawarwari ga Matafiya

1. Lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa, domin ruwan sama yakan lalata hanyoyin yankin.
2. A guji tafiyar dare. Tun 2021 an sha rufe kasuwanni da hanyoyi ran Litinin a jihohin Kudu maso Gabas, saboda haka a tuntuɓi 'yan sanda da shugabannin Hausawa mazauna garuruwan kafin a tashi.
3. Jami'in da zai jagoranci ɗalibai ya rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun da wuri, ya kuma riƙe takardar shaida daga ƙaramar hukumarsa.
4. A kai gaisuwa ga sarkin gari kafin a shiga wani fage, kada a ɗauki hoto sai da izini.
5. Kada a taɓa tsohon ƙarfen da aka gani a gona ko daji, domin har yanzu akan tono bama-baman da ba su tashi ba.
6. A kame baki daga gori da muhawara. Kusan kowane gida a waɗannan garuruwa ya yi rashi.

Kammalawa

Da aka sa hannu kan ƙarshen yaƙin a Barikin Dodan da ke Legas, Janar Gowon ya bayyana cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci, ya kuma kafa manufar sulhu, sake gini da farfaɗowa. Daga cikin abin da ya biyo baya akwai shirin yi wa ƙasa hidima na 1973, kuma 15 ga Janairu ta zama ranar tunawa da mazan jiya. Ana kira ga hakimai, dagatai da sassan ilimi na ƙananan hukumomi da su nemi tsofaffin sojojin yankunansu su rubuta abin da suka gani da sunayen wuraren da suka yi aiki, tun suna da rai.